Bishara da Mutumin Gadon Sama

Duk farkon shekarar karatu, zumuntarmu ta ɗalibai Kirista kan zauna ta tsara aikin bishara. A raba ɗakunan kwana, a raba ranaku, wani lokaci har a yanke adadi: bana muna roƙon Ubangiji rayuka kaza. Sai a rubuta adadin a jikin allo, kowa ya ce amin. Ni ma nakan ce amin, don na gaskata labarin Yesu Almasihu ya cancanci a faɗa wa kowa, kuma Kiristan da ya ce ba ruwansa da bishara, to ya koma ya sake duba abin da ya ce ya gaskata. Sai dai lambar nan ta jikin allo tana damuna. Na san da yawa cikin masu karanta wannan mujalla Musulmi ne. Ku yi haƙuri, maganar cikin gida ce zan yi a tsakiyar kasuwa, amma akwai inda ta shafe ku.

Ni Bahaushe ne gaba da baya, daga wani ƙauye a kudancin jihar Katsina, wajen Malumfashi. In na faɗi haka a aji, ran Lahadi kuma aka gan ni riƙe da Littafi Mai Tsarki, sai kallo ya koma sama. 'Yan'uwana Kirista daga kudu su ce, "Ashe akwai irinku?" Musulmi kuma su ce, "Kai dai faɗi gaskiya, ɗan ina ne kai?" Kakana Bamaguje ne, a kan al'adarsa ya rayu, a kanta ya mutu. 'Ya'yansa suka rabu biyu. Babana ya bi masu bishara, ƙanwarsa ta musulunta ta yi aure a cikin gari. Wannan goggo tawa ita ta sayar da awaki biyu aka cika kuɗin rajistata na shekarar farko, ta kuma san sarai cewa da na iso makaranta coci zan fara nema.

Kada wani ya ɗauka ba ta damu da addinina ba. Ta damu ƙwarai. Duk hutun da na je gaishe ta sai ta ce, "Ɗan nan, kullum ina yi maka addu'a Allah ya nuna maka hanya." Ni kuma in ce, "Goggo, ai ni ma ina yi miki." Sai ta tuntsire da dariya ta ce, "To, mu ga wanda za a riga amsa wa." Daga nan ta tura yaro ya sayo mini fura. Tana son in musulunta, ina son ta san Almasihu, ba wanda ya ɓoye wa wani. Amma awakin nan ba ƙugiya ba ce da ta sa wa tsutsa. Da zan tabbatar mata yau cewa har in mutu ba zan bar coci ba, gobe in wata buƙata ta taso za ta sake kwance akuya. Ita ce mizanina. Duk lokacin da aka koya mana a zumunta cewa mu "ƙulla abota" da wani don mu sami ƙofar yi masa wa'azi, sai in tambayi kaina: in ƙofar ta ƙi buɗuwa fa, abotar za ta kai ƙarshen zango? Mutane ba wawaye ba ne. Wanda ka saya wa shinkafa da wake don ya zama na goma sha bakwai a lissafinka, yana jin ƙanshin lissafin tun kafin ya kai loma ta biyu.

Misalin Basamariye da ke Luka sura 10 kowa ya san shi, har ya zama kamar tatsuniyar makarantar Lahadi. Amma a duba yadda aka gina shi. Hanyar Urushalima zuwa Yariko kusan kilomita 27 ce, gangara ce mai tsanani cikin duwatsu, wurin fakon 'yan fashi. Wanda aka sassara aka yar a gefen hanya, bisa dukkan alamu Bayahude ne, irin masu sauraron Yesu. Firist ya wuce, Balawi ya wuce, duk ma'aikatan Haikali ne. Wanda ya tsaya mutumin Samariya ne, kuma tsakanin Yahudawa da Samariyawa ba ƙiyayyar ƙabila kaɗai ba ce, rigimar addini ce: waɗannan suka ce a Urushalima ake sujada, waɗancan suka ce a kan Dutsen Gerizim. Fiye da shekara ɗari kafin haihuwar Yesu, wani shugaban Yahudawa ya rushe wurin ibadar Samariyawa da ke kan dutsen. Kai, a sura ta 9 ma, shafi ɗaya kafin misalin, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi saukar Yesu, har Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye garin, ya tsawata musu.

To ka ga, da so yake ya koyar da kyauta kawai, sai ya sa Bayahude ya taimaki Basamariye, masu sauraro su tafi gida suna jin daɗin kansu. Sai ya juya abin. Namu ne ke kwance cikin jini, na waje ne ya sauko daga kan dabbarsa. Malamin Attaura da ya jawo maganar, da aka tambaye shi wane ne ya zama maƙwabci, bakinsa bai iya furta sunan ƙabilar ba, kewayawa ya yi. Wani abu kuma: Basamariyen ya biya dinari biyu, ladan leburanci na kwana biyu ke nan, ya yi alkawarin cike sauran, ya kama gabansa. Ba a ce ya zauna jiran majinyacin ya farfaɗo don ya gamsar da shi game da Dutsen Gerizim ba.

Mu 'yan arewa ba ma bukatar dogon sharhi a kan wannan. A ranar 23 ga Yuni 2018, da aka kai hari ƙauyukan ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, mutane suka gudo ƙauyen Nghar. Limamin garin, Malam Abubakar Abdullahi, dattijo ɗan shekara 83 a lokacin, ya shigar da su gidansa da masallacinsa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Gwamnatin Amurka da ta karrama shi a 2019 ta ce mutum 262 ya ɓoye, kuma mafi yawansu Kirista ne. Na ji wa'azi da yawa a kan Luka 10, amma ban cika jin an ambaci sunan wannan dattijo a kan mumbari ba. Ina ganin dalilin ɗaya ne da na malamin Attauran: akwai nauyi a baki. Mun fi son mu zama masu ɗaukar jinya. Zama wanda aka ɗauka, kuma wanda muke shirin yi wa wa'azi ne ya ɗauke mu, wannan yana karya girman kai.

Waɗanda suka kawo mana bishara ma sai da suka koyi wannan darasi da tsada. A watan Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas da nufin shiga ƙasar da a lokacin Turawa ke kira Sudan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin shekara guda biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Bingham ne ya rage, daga aikinsa SIM ta kafu, daga SIM aka sami ECWA a 1954. Dokta Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Amma gwamnatin Turawa ba ta sakar wa 'yan mishan mara a ƙasashen sarakuna ba, don Lugga ya yi alkawari ba za a taɓa addini ba. Ƙofar da ta buɗu a shekarun 1930 ita ce ta jinyar kutare, a wurare irin su Babbar Ruga kusa da Katsina da Amanawa a ƙasar Sakkwato. Daga baya aka buɗe asibitin ido na Kano a 1943, da asibitin Galmi a Nijar a 1950.

Akwai masu cewa maganin nan tarko ne kawai. Ba zan ce babu ƙamshin gaskiya ba, don 'yan mishan ɗin ba su ɓoye cewa suna son mutane su tuba ba, kuma suna aika rahoto gida da lambobi, kamar dai allonmu. Amma a je asibitin ido na Kano yau a duba layi. Shekara tamanin ana cire yanar ido ga mutanen da suka shigo Musulmi suka fita Musulmi, kuma kowa ya san haka za su fita. In da tarko ne zalla, ai da tuni an naɗe shi, don ba ya kamu. Abin da ya riƙe aikin shi ne wasu sun gaskata cewa ido mai gani abu ne mai daraja a wurin Allah ko da mai idon bai taɓa shiga coci ba. Tun zamanin Romawa haka abin yake. Sarki Yuliyan, wanda ya yi mulki daga 361 zuwa 363 ya kuma so ya maido da bautar gumaka, ya yi ƙorafi a wata wasiƙa cewa Kirista na ciyar da matalautansu har da na waɗanda ba Kirista ba, ya umarci firistocinsa su kwaikwaye su.

Yanzu in zo kan lasifika. Ƙarfe biyar na asuba, makon jarrabawa, mutum ya kwana yana fama da lissafin injiniya, ya samu ya runtsa, sai ga ɗan'uwa a bakin taga da makirufo yana kiran wutar jahannama. In ka yi magana a ce kana jin kunyar bishara. Haba ɗan'uwa! Wasiƙar Bitrus ta fari ta umarce mu mu kasance a shirye mu ba da amsa game da begenmu, amma ta gindaya sharaɗin tawali'u da girmamawa, kuma amsa ai sai an yi tambaya. Wa zai tambaye ka bayan ka hana shi barci? Na san za a ce ai ɗaya ɓangaren ma suna da tasu lasifikar. Gaskiya ne, kuma wannan magana ce da su za su yi a tsakaninsu. Ni tamu aka ba ni.

Ba ƙaramar magana ba ce a makaranta irin tamu. Rikicin Kafanchan na watan Maris 1987 a harabar kwalejin horar da malamai ya fara, a wajen wani taron wa'azi na ɗalibai, kan abin da aka ce mai wa'azin ya faɗa. Cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Ba ina cewa magana ta halatta ƙona coci ko masallaci ba. Babu kalmar da ta kai ran mutum, kuma wanda ya kashe, alhakin kisan a wuyansa yake. Amma mai riƙe da makirufo a harabar makaranta ya kamata ya san cewa in abu ya ɓaci, ba shi zai fara biya ba. Mai shago a Sabon Gari ne, da mai shayi a bakin tasha. Tun rikicin shekarar 2000 garin Kaduna ya rabu, kogi ya zama kamar iyaka. Da yawa daga cikinmu a nan ne karo na farko da muka kwana ɗaki ɗaya da wanda ba addininmu ɗaya ba. Shekara biyu ce ta ND, wasu su ƙara biyu ta HND, daga nan kowa ya koma gefensa na kogi. Ɓata wannan dama da ihu asara ce.

Sai batun da ake yawan tsorata mu da shi a zumunta, wai "sekula" na zuwa ta cinye mu. Kalmar nan abu biyu ake cusawa a cikinta, kuma ya kamata a raba su. Na farko shi ne gwamnati ta tsaya tsakiya. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini ya zama na gwamnati, kodayake kalmar sekula ba ta fito a cikinsa ba. Sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin yin addininsa, da sauya shi, da yaɗa shi. Ni da na fito daga inda Kirista 'yan tsiraru ne, waɗannan sassa biyu inuwa ce a gare ni, kamar yadda suke inuwa ga Musulmin da ke zaune a Inugu ko Fatakwal. Wanda yake zagin wannan tsari yawanci yana zaune ne inda mutanensa suka fi yawa.

Na biyu shi ne mutum ya yi rayuwarsa kamar babu Allah. A nan ake kawo mana misalin Turai, kuma misalin gaskiya ne: a ƙidayar 2021 a Ingila da Wales, kashi 46 cikin ɗari ne kawai suka ce su Kirista ne, karo na farko da suka gaza rabi, kashi 37 kuma suka ce ba su da addini. Ƙasar da ta aiko da Miller ke nan. Amma mu namu rashin Allah ɗin ba ya bukatar coci ta zama kango. Coci cike take maƙil. Sai dai mutumin da ya ja waƙar yabo ran Lahadi, shi ne ran Litinin yake tara kuɗin da za a kai wa malami don a gyara maki. 'Yar'uwar da ta yi azumin kwana uku saboda jarrabawa, ita ce ta rubuta amsa a cinya. Wani ma sai ya yi addu'a a kan tikitin cacar ƙwallo. Ba wanda ya ce babu Allah. An dai ba shi ranar Lahadi da yammacin Laraba, an ce ya tsaya nan. In ba wannan ne sekula ba, to ban san mece ce ba, kuma ba daga Landan aka shigo da ita ba.

A ɗakinmu, wanda ke kwana a gadon sama ɗan dattijon ikilisiya ne daga Filato. An yi masa baftisma, ya san littafin waƙoƙi da ka fiye da ni, amma shekara uku rabonsa da coci. Sunansa na cikin jerin waɗanda zumunta ke "bibiya". An zo masa sau huɗu a zangon da ya wuce, kowane zuwa da sabuwar aya, ba wanda ya tambaye shi me ya faru. Ni ma sai da muka yi wata biyar muna cin garin kwaki a kwano ɗaya kafin ya faɗa mini. Mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya. Wani mai wa'azi da suka je wurinsa ya ce su shuka iri na bangaskiya, suka kai kuɗin da aka tara don asibiti. Da ta rasu aka ce musu bangaskiyarsu ce ta gaza. Ya ce da ni, "Mutumina, ni ban ce babu Allah ba. Amma duk wanda ya zo mini da sunansa, aljihuna nake fara dafewa."

Me zan ce masa? Ina da amsoshi, na karanta littafin Ayuba, na san abokan Ayuba ne Allah ya yi fushi da su a ƙarshe saboda sun ɗora wa mai wahala laifin wahalarsa. Na faɗa masa wannan, sau ɗaya, da ya tambaya. Ya yi shiru, ya juya ya fuskanci bango. Ban sake tayar da maganar ba, shi ma haka. Ina yi masa addu'a, ya kuma sani. Ran Lahadi in zan fita yakan leƙo daga sama ya ce, "Fasto, a sa mu a ciki," da sigar zolaya, ni kuma in ce "An gama." Ko zai dawo, ko ba zai dawo ba, wannan tsakaninsa da Ubangiji ne, don ban taɓa ganin inda aka ce mu ne ke juya zuciya ba. Bulus kansa ya ce shi shuka ya yi, wani ya yi ban ruwa, girman kuwa daga Allah yake. Amma a takardar rahoton zumunta babu gurbin da za a rubuta wata biyar na garin kwaki. Akwai gurbin "an ziyarta" da gurbin "ya karɓa", shi ke nan. A lissafin allo, mutumin gadon sama sifiri ne. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni tsakar dare, shi ya goya ni zuwa asibitin makaranta, wani ɗan ajinmu Musulmi yana haska mana hanya da fitilar waya.

Don haka ga abin da nake roƙon shugabannin zumuntarmu, kuma ina so ƙungiyar ɗalibai ta ji. A bar fita bishara, kada a fasa, amma a sauke lasifika a makon jarrabawa da kuma kafin gari ya waye. A goge adadin nan daga allo. Sannan akwai aikin da ya fi ƙarfin ɓangare ɗaya. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSS tun 1954 take, FCS tamu tun 1957 aka kafa ta a Gindiri, kusan sa'o'in juna ne, kuma a makarantu da yawa ba sa haɗuwa sai an sami rigima an kira su ofis. Duk zango sai mun ji an yi hatsarin babur ko wata ɗaliba ta kwanta ana neman jini, a yi ta yawo da saƙo a WhatsApp har gari ya waye. Me zai hana ƙungiyoyin biyu su buɗe rajista guda ta masu ba da jini, da suna da rukunin jini da lambar ɗaki, a ajiye kwafi a hannun sakataren walwala na ƙungiyar ɗalibai? Ba ya bukatar kasafin kuɗi, littafi ɗaya ne mai ganye arba'in da mutum biyu masu ɗaga waya da dare. Na riga na kai maganar ga shugaban zumuntarmu, ya ce za a duba bayan jarrabawa. Mutumin gadon sama ya ce in an buɗe a sa sunansa, jininsa rukunin O ne.